Ma'aikaci mai shiru-shiru: abin da ofis ke asara idan mai baki kaɗai ake ji

A watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta fara aiki da sabon kundin dokokin aikin gwamnati, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da kundin ya zo da su shi ne sauya hanyar auna ƙwazon ma'aikata. Tsohon fom ɗin ƙarshen shekara da kowa ya sani da APER, wanda ma'aikaci kan cike ya kai wa shugabansa ya sa hannu, an maye gurbinsa da tsarin da ma'aikaci zai zauna da na gaba da shi su tsayar da abin da ake so ya cimma, sannan a riƙa waiwayar aikin lokaci-lokaci kafin shekara ta ƙare. Ma'aikatan tarayya da ke Birnin Kebbi suna cikin waɗanda sauyin ya shafa. A ɓangaren 'yan kasuwa kuwa, da wuya a ga tallar neman ma'aikata daga banki ko kamfanin sarrafa shinkafa ko ƙungiyar agaji wadda ba ta ce ana neman mai iya mu'amala da jama'a, mai iya aiki tare da wasu ba.

Wannan ya sake tayar da tambayar da ta daɗe tana yawo a ofisoshi ba a zauna an warware ta ba: ina matsayin ma'aikacin da ba shi da yawan magana? Kowace ma'aikata tana da irinsa. Yana zuwa a kan lokaci, fayil ba ya kwana a teburinsa, amma sai a tashi taro ba a ji muryarsa ba, kuma ba a ganinsa a majalisar bakin ƙofa bayan an tashi aiki. Wasu shugabanni na ganin bai damu da wurin ba, wasu na cewa girman kai ne, wasu kuma ba sa sanin nauyin da yake ɗauke da shi sai ranar da ya tafi hutu. Tun da ƙarin girma da ɗaukar aiki sun ƙara rataya a kan yadda mutum ke bayyana kansa a gaban wani, wannan saɓanin fahimta ya tashi daga hirar majalisa ya koma batun albashi.

Mene ne ake nufi da shiru-shiru?

Masana halayyar ɗan Adam suna da ma'ana takamaimiya ga wannan hali. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, shi ya yaɗa rabon a 1921, inda ya bambanta mutumin da hankalinsa ya fi karkata zuwa cikin kansa da tunaninsa, da wanda hankalinsa ya fi karkata zuwa mutane da abin da ke gudana a waje. Hausa ba ta da kalma guda da ta zauna daidai a kan ma'anar, amma “mai shiru-shiru” ya fi kusa da na farkon, “mai son cuɗanya” kuma da na biyun.

Babbar alamar da ake rarrabe su da ita ita ce abin da ke gajiyar da kowannensu. Mai shiru-shiru yana iya zuwa ɗaurin aure ya gaisa da kowa, ya yi raha, amma bayan awa biyu cikin hayaniya ƙarfinsa ya ƙare, sai ya keɓe kafin ya dawo daidai. Mai son cuɗanya kuwa zaman kaɗaici ne ke cinye shi. Idan aka ba shi ofis shi kaɗai, kafin azahar ya zagaya ofisoshi uku. A 1967 masani Hans Eysenck, wanda ya yi aikinsa a Landan, ya ce dalili shi ne ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru tun asali a farke take sosai, don haka hayaniya kaɗan ta ishe ta, alhali ta ɗayan tana neman ƙari. Masana na ci gaba da muhawara a kan wannan bayani, amma binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa wani kaso mai yawa na halin gado ne, kuma ba ya cika sauyawa dare ɗaya.

Abin lura shi ne halin yana kama da tsawon jiki. Akwai dogaye ƙwarai, akwai gajeru ƙwarai, amma yawancin jama'a a tsakiya suke. Saboda haka raba ma'aikata gida biyu, a liƙa wa kowa suna, ya saɓa wa abin da binciken kansa ya nuna.

Ba kowane shiru ne hali ba

A ƙasar Hausa batun ya fi rikitarwa fiye da ƙasashen da aka yi yawancin binciken, domin shirun da ake gani a ɗakin taro yana da iyaye da yawa. A ɗauki taron ma'aikata a sakatariyar wata ƙaramar hukuma, mutum ashirin a zaune, biyar ke magana. Kuskure ne a ce sauran goma sha biyar duk masu shiru-shiru ne. A cikinsu akwai matashin da bai fi shekara biyu da kama aiki ba, wanda a majalisar unguwarsu babu mai ƙwace zance a bakinsa, amma an rene shi a kan cewa yaro ba ya tsoma baki idan manya na magana, don haka iyakarsa “haka ne, ranka ya daɗe”. Akwai matar da ke kujerar baya, wadda ta fi kowa sanin lissafin magungunan ƙananan asibitoci, amma ɗaga murya a gaban maza sa'o'in mahaifinta abu ne da ba ta saba ba. Akwai wanda harshe ya ɗaure: a jiha kamar Kebbi da ake jin Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci da Kambarci baya ga Hausa, idan aka juya taro zuwa Turanci, wani sai ya fassara tunaninsa sau biyu a zuci, kafin ya gama an wuce batun. Akwai kuma wanda ya taɓa faɗin gaskiya a irin wannan zama aka mayar da shi wani ƙauye mai nisa, ya dawo da yaƙinin cewa baki shi ke yanka wuya.

Ko kunya, wadda aka fi rikita ta da shiru-shiru, abu ne dabam. Mai kunya yana son ya yi magana, nauyin idon mutane ne ke hana shi. Mai shiru-shiru ba lalle yana jin nauyin kowa ba. Ko dai bai gama auna maganar ba, ko kuma yana ganin abin da zai faɗa an riga an faɗe shi. Hausawa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke cewa shiru-shiru ba tsoro ba ne. Miskilanci ma dabam yake, domin miskili yana da abin faɗa a shirye, da gangan yake riƙe shi. Shi kuwa wanda shiga jama'a ke sa shi rawar jiki da bugun zuciya har ya kasa zuwa aiki, wannan lalura ce da ke buƙatar ganin likita, ba hali ba ce da za a yaba ko a kushe.

Muhimmancin wannan rarrabewa shi ne kowane shiru da maganinsa. Wanda tsoro ya rufe wa baki yana buƙatar tabbacin cewa gaskiya ba za ta ja masa canjin wurin aiki ba. Wanda Turanci ya ɗaure yana buƙatar a bar shi ya yi da Hausa. Mai shiru-shiru na asali kuwa lokaci yake buƙata da hanyar da zai isar da tunaninsa ba tare da ya yi kokawar ƙwace magana ba. Shugaban da ya haɗa su duka ya ce musu “ku riƙa magana mana” bai warware ko ɗaya ba.

Daga fada zuwa ɗakin taro

Al'adar Hausa ba ta ɗauki yawan zance ma'aunin daraja ba. Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwa fadar Gwandu ko Argungu ko Yawuri ya ga yadda sarki ke zaune da amawali a bakinsa, baƙo ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai su amsa a madadinsa. Ƙarancin maganar wani ɓangare ne na kwarjinin sarautar. Lokacin da masani ɗan Birtaniya Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Iya zance bai shiga jerin ba. Addini ma ya ƙarfafa hakan. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya umarci wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi da halaye biyu da Allah ke so, wato haƙuri da bin abu a tsanake.

Wannan ba ya nufin an raina baki. Dillali a kasuwar Jega, sanƙira a wurin ɗaurin aure, ɗan kamasho a tasha, duk da harshe suke cin abinci, kuma babu mai musun amfaninsu. Abin da aka yi shi ne an ba kowa gurbinsa: ba a taɓa auna maƙeri ko marubucin Alƙur'ani da mudun dillali ba. Alƙur'ani ya kawo yadda Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Annabi Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe, abin da ke nuna cewa jagoranci da fasahar magana ba dole su taru ga mutum ɗaya ba, kuma ana iya haɗa mutum biyu aiki ya cika.

Ofishin zamani ne ya cuɗa ma'aunan. Aikinsa ya dogara a kan taro, taron bita, gabatar da rahoto a gaban manya, da intabiyun minti goma wanda a cikinsa ake yanke makomar mutum. A duk waɗannan wurare wanda ya fi saurin buɗe baki shi ake fara gani. Wani nazari da Timothy Judge da abokan aikinsa suka buga a 2002, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya gano cewa son cuɗanya shi ne halin da ya fi alaƙa da shugabanci, amma alaƙar ta fi ƙarfi wajen wanda mutane ke ɗauka ya cancanci shugabanci fiye da wajen ingancin shugabancin bayan an ba shi. Wato baki yana sa a zaɓi mutum fiye da yadda yake sa ya iya aikin. Haɗarin ba sabo ba ne. A hadisin Ummu Salama, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo ƙara cewa wani yana iya fin abokin shari'arsa iya kafa hujja har a yanke masa abin da ba nasa ba. Muhawarar ta sake zafi a duniya ne bayan 2012, lokacin da wata tsohuwar lauya Ba'amurkiya, Susan Cain, ta fitar da littafin da ya zargi makarantu da kamfanoni da gina komai bisa mudun masu son cuɗanya.

Abin da ke ɓacewa a zaman taro

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, wanda ya sharɗanta manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya, ƙungiyoyin manoman shinkafa suka yawaita a fadamun jihar. Duk wanda ya zauna a taron irin waɗannan ƙungiyoyi zai gane wannan misali. Bayan la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan shugaba. Batun shi ne ko a ɗura shinkafar da aka girbe a buhuna a kai wa wakilin kamfani gobe, ko a dakata. Mutum uku ke ta musayar magana, kowa na kawo labarin farashin da ya ji. A gefe ma'aji na zaune da littafin lissafi a cinyarsa. Shi ne ya damƙi shinkafar da safe ya ji ba ta gama bushewa ba, kuma ya san idan danshinta ya haura kashi 14 cikin ɗari wakilin zai rage kuɗi, in kuma aka ajiye ta haka a buhu za ta yi fumfuna. Sau biyu ya gyara zama ya ce, “Alhaji, da ma…” sai wani ya ɗora a kai da murya mafi ƙarfi. Aka yanke shawara, aka shafa fatiha. A hanyar komawa gida ne ya faɗa wa maƙwabcinsa abin da ya gani, maƙwabcin ya ce, “To me ya sa ba ka faɗa a can ba?”

Ana iya ɗora laifin a kan ma'ajin, kuma yana da nasa kason. Amma bincike ya nuna cewa tsarin zaman kansa yana da babban hannu. A 1958 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun gwada ɗalibai: wasu suka zauna huɗu-huɗu suna kawo shawarwari da baki, wasu kuma kowa ya zauna shi kaɗai ya kawo nasa, daga baya aka haɗa. Waɗanda suka yi aiki a keɓe sun kawo shawarwari kusan ninki biyu. A 1987 wasu masana biyu a Jamus, Michael Diehl da Wolfgang Stroebe, suka binciki dalili, suka gano cewa babban abin da ke kashe shawara a taro shi ne jiran layi: mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda, kuma yayin da wani ke jira, ko dai ya manta abin da ya zo masa, ko ya ga an wuce wurin ya haƙura. Wannan jira yana cutar da kowa, amma ya fi cutar da wanda ba ya iya katse wani.

Wani binciken da Anita Woolley da abokanta suka buga a mujallar Science a 2010, a kan mutum 699 da aka raba ƙananan ƙungiyoyi, ya duba abin da ke sa wata ƙungiya ta fi wata warware matsaloli iri-iri. Kaifin basirar wanda ya fi kowa a ƙungiyar bai yi tasiri sosai ba. Abubuwan da suka yi tasiri sun haɗa da yadda 'yan ƙungiyar ke iya karantar yanayin juna, da yadda magana ke zagayawa a tsakaninsu. Ƙungiyoyin da mutum ɗaya ko biyu suka mamaye zance sun fi rauni.

Daga nan ake gane inda amfanin mai shiru-shiru yake. Yayin da wasu ke shirya amsar da za su bayar, shi yana sauraro, don haka sau da yawa shi ke lura cewa mutum biyu da ke gardama ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Yana iya daɗewa a kan aiki ɗaya ba tare da ya nemi abokin hira ba, abin da ake buƙata a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, a ofishin lissafi, a wurin duba ingancin shinkafa, da wurin tsara jarrabawa. Sannan a wurin da ake riƙe sirrin mutane, kamar fayil ɗin majinyata ko albashin ma'aikata, ana neman wanda ya yarda cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shin zai iya shugabanci?

Amsar da bincike ya bayar ita ce ya danganta da waɗanda ake shugabanta. Adam Grant da abokan aikinsa sun buga wani nazari a 2011 a kan rassan wani kamfanin sayar da abinci a Amurka. Inda ma'aikata suke masu jiran umarni, rassan da shugabanninsu masu son cuɗanya ne sun fi samun riba da kashi 16 cikin ɗari. Inda kuwa ma'aikata suke masu kawo shawara da neman gyara da kansu, irin waɗannan shugabanni sun samu ribar da ta gaza ta sauran da kashi 14 cikin ɗari. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne shugaba mai son a ji shi yakan ɗauki shawarar na ƙasa a matsayin ƙalubale, alhali mai shiru-shiru yakan saurara ya bar ta ta yi aiki. Idan aka kawo wannan gida, makarantar da malamanta ƙwararru ne masu himma tana iya bunƙasa a hannun shugaba marar hayaniya, amma aikin gayya da ke buƙatar a zaburar da mutanen da jikinsu ya mutu yana neman mai murya.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu ganin an fara wuce gona da iri wajen yabon shiru-shiru suna da hujjoji masu nauyi. Wani babban nazari da Michael Wilmot da abokansa suka buga a 2019, wanda ya tattara bincike na shekaru da dama, ya nuna cewa son cuɗanya yana da ɗan rinjaye mai ɗorewa a mafi yawan abubuwan da ake aunawa a wurin aiki, musamman himma, jin daɗin aiki da hulɗa da mutane. Rinjayen ba babba ba ne, amma yana nan. Akwai ayyukan da baki ne jarinsu. Jami'in da ke bi gida-gida yana shawo kan iyaye su yarda a yi wa 'ya'yansu riga-kafi, ko malamin gona da zai tsaya gaban manoma hamsin, ko mai neman wa banki abokan hulɗa, duk sai sun jure cuɗanya daga safe zuwa yamma.

Hujja ta biyu ta fi tsanani: ilimin da ba a furta ba, ƙungiya ba ta amfana da shi. Ma'aikaciyar jinya da ta lura an rubuta wa majinyaci maganin da bai dace ba, ta yi shiru saboda ba halinta ba ne katse likita, ba za a karɓi halinta a matsayin uzuri ba. Haka akawun da ya ga an murɗa lissafi. A irin wannan wuri shiru ya zama sakaci, wani lokaci ma haɗin baki. Masu wannan ra'ayi suna kuma tunatar da cewa nutsuwa da zurfin tunani ba mallakar masu shiru-shiru ba ne kaɗai. Akwai mai surutu mai kaifin lura, akwai kuma shirun da babu komai a bayansa. Nazarin Murray Barrick da Michael Mount na 1991 ya nuna cewa halin da ya fi hasashen ingancin aiki a kusan kowace sana'a shi ne kula da aiki da cika alkawari, kuma ana samunsa a ɓangarorin biyu.

Ko a harkar talla, inda ake zaton mai baki ne sarki, sakamakon bai bi zato ba. A 2013 Grant ya auna cinikin ma'aikata 340 masu tallata kaya ta waya, ya tarar cewa waɗanda suka fi kawo kuɗi su ne na tsakiya, masu iya magana su kuma iya yin shiru su ji abin da mai saye ke so. Idan aka auna hujjojin biyu, abin da ya fi tsayuwa shi ne babu ɓangaren da ya fi daraja a kan kansa, amma hanyoyin da ofisoshi ke bi wajen gano ƙwazo sun karkata zuwa ɓangare ɗaya, kuma karkatar ta fi girman bambancin da ke tsakaninsu a ainihin aiki.

Yadda abin zai shafi ma'aikaci da mai neman aiki

Sabon tsarin auna ƙwazo yana iya zama alheri ga mai shiru-shiru, yana kuma iya zama akasin haka. Idan aka tsaya a kan abin da aka rubuta tun farkon shekara, kamar yawan fayil ɗin da aka kammala, ko rahoton da aka miƙa a kan lokaci, to aikinsa zai yi magana a madadinsa, kuma zai fi samun adalci fiye da lokacin da komai ya dogara ga kusanci da shugaba. Idan kuwa zaman waiwayar aiki ya koma dandalin da kowa ke kwarzanta kansa, wanda aka tarbiyyantar a kan cewa yabon kai jahilci ne zai fito da maki kaɗan alhali shi ya ɗauki nauyin sashen. Abin da ke hannun irin wannan ma'aikaci shi ne ya riƙa rubuta abin da ya kammala da kwanan wata, ya shiga zaman da takardarsa, domin karanta abin da aka yi ya fi masa sauƙi a kan yabon kai da ka.

Ga matasan da ke fitowa daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ko Kwalejin Waziri Umaru, intabiyu ita ce shingen farko. Inda ake haɗa ta da gwajin aiki, a ba mai neman aikin akawu lissafi ya warware, ko mai neman koyarwa ya tsara darasi, ana rage damar da fasahar baki kaɗai ke bayarwa. Inda kuwa ake amfani da gwajin halayya na intanet don tace masu nema, akwai haɗarin a zubar da mutum saboda suna da aka liƙa masa, alhali yawancin mutane a tsakiya suke, kuma maki kaɗan ke mayar da mutum wannan gida ko wancan.

A ɗakin taro gyaran ba ya cin kuɗi. Kamfanin Amazon ya shahara da fara manyan tarukansa da karatu: a raba bayani mai shafi shida, kowa ya karanta shiru kafin a buɗe baki. Ƙungiyar manoma ba ta buƙatar shafi shida, amma tana iya sanar da batun taro kwana ɗaya kafin zama, ta zauren WhatsApp ko ta bakin mai kiran taro, domin mai auna magana ya zo da tasa a shirye. Shugaba yana iya jinkirta faɗin ra'ayinsa zuwa ƙarshe, tun da a wurinmu da zarar babba ya nuna inda ya karkata, na ƙasa ba sa saɓa masa a fili. Yana iya fara tambaya daga ƙarami, ko ya kira mutum da sunan aikinsa ya tambaye shi abin da ya shafi fanninsa kai tsaye. Akwai kuma tsohuwar hanyar da dattawa suka saba, ta jan mutum gefe kafin zama ko bayansa a ji ta bakinsa, wadda ke fitar da abin da ba zai fito a gaban mutum ashirin ba.

A taron tabarmar nan na manoman shinkafa, da shugaba ya dakatar da gardamar farashi na minti ɗaya ya juya ya ce, “Malam ma'aji, kai ka duba shinkafar da safe, yaya ka gan ta?”, da an ƙara mata kwana biyu a rana kafin a ɗura ta a buhu.